Yadda za ki sa wa littafinki kwaɗo a kwamfuta: amsa ga wata marubuciya a Agege

Wata 'yar'uwa marubuciya da ke zaune a Agege ta aiko mini da tambaya. Ta ce shekara biyu ke nan tana rubuta littafin hikaya a Word, har ta kai babi na 40, kuma laftof ɗin ba ita kaɗai ke taɓa shi ba, ƙannen maigidanta biyu suna aikin makaranta da kallon ƙwallo a kai. Kwanan nan wasu haruffan kibod suka daina dannuwa, tana son kai shi gyara Computer Village, kasuwar kwamfuta da ke Ikeja, amma gabanta na faɗuwa kada wani ya kwashe littafin ya watsa a WhatsApp tun ba ta kammala ba. Ta rufe da cewa: "Malam, kalmar sirrin da nake sawa idan na kunna kwamfutar ta wadatar, ko akwai abin da zan ƙara?"

Malama, ba ta wadatar ba. Na daɗe ina gyaran kwamfuta a Ikeja, kuma akwai abin da nakan nuna wa mai kaya ido da ido idan ya yi mini gardama a kan wannan. Nakan kife laftof ɗinsa a kan tebur, in kwance ƙusoshin bayansa, in zaro faifan ajiyar, in jona shi da waya a jikin tawa kwamfutar. Kafin shayinsa ya huce, ga foldarsa a buɗe a sikirin ɗina, hotuna da takardu da komai, kuma babu wanda ya tambaye ni kalmar sirri. Wani lokaci ma ba sai an kwance ƙusa ba, filash mai ɗauke da Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, ya isa a tada kwamfutar ta wata ƙofa. Kalmar sirrin shiga Windows sakata ce a ƙofar zaure. Tana tare wanda ya biyo ta ƙofa, amma wanda ya hauro ta katanga zai tarar da kaya a shanye a tsakar gida.

Abin da kike buƙata shi ne abin da muke kira inkirifshin. Ki tuna zaurancen da 'yan mata ke yi, a juya gaɓoɓin kalma yadda wanda bai san dokar ba zai ji sauti amma ba zai fahimci komai ba. Haka ake yi wa fayil, sai dai da lissafi ake hargitsa shi, kuma kalmar sirrinki ce kaɗai ke mayar da shi daidai. Tsarin da kusan duk manhajojin da zan ambata suke amfani da shi sunansa AES. Wasu masana biyu 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙiro shi, hukumar NIST ta Amurka ta amince da shi a 2001, kuma har yau da shi bankuna da gwamnatoci suke tsare bayanansu. Duk wanda ya zare faifan da aka yi wa wannan zaurancen, tarkacen alamomi zai gani.

Ki fara da Word ɗin kansa, tunda a nan littafin yake. Ki buɗe fayil ɗin, ki danna File, sai Info, sai Protect Document, sai Encrypt with Password. Zai nemi kalmar sau biyu, ki rubuta, sannan ki yi sebin. Daga nan ko a wace kwamfuta aka kai fayil ɗin, ba zai buɗu ba sai da ita. Abu biyu za ki kula da su. Na farko, ƙarshen sunan fayil ɗin ya zama docx. Tsohon samfurin doc na Word 97 zuwa 2003 kwaɗonsa ruɓaɓɓe ne, an daɗe da sanin yadda ake ɓalle shi. Tun daga Office 2007 aka koma AES, kuma daga Office 2016 aka ƙara masa ƙarfi zuwa AES-256. Na biyu, a wannan jerin akwai Restrict Editing da Always Open Read-Only, kuma mutane da yawa su suke dannawa su ɗauka sun kulle. Waɗannan hana gyara kawai suke yi, kowa zai iya buɗewa ya karanta ya kwafe. Mai amfani da LibreOffice kuwa, wajen yin sebin zai ga wurin da aka rubuta Save with password, shi ma kwaɗo ne na gaske.

Idan littafin duka a fayil ɗaya yake, wannan ya kusa biya miki buƙata. Amma na san yadda marubuta suke aiki. Kowane babi da fayil ɗinsa, ga takardar sunayen taurari da dangantakarsu, ga hoton bango, ga muryoyin da aka naɗa a waya lokacin da wata dabara ta faɗo cikin dare. Sa wa fayil hamsin kalmar sirri ɗaya bayan ɗaya wahala ce, kuma dole wata rana a manta da ɗaya. Masu amfani da Scrivener, wata manhajar rubuta littafi, ma lamarinsu ya fi haka, domin manhajar ba ta da wurin sa kalmar sirri ko kaɗan. Aikin da ke cikinta folda ce cike da ƙananan fayiloli da kowa zai iya karantawa, kuma tana ajiye kwafin ko-ta-kwana a wata folda daban wadda mai ita bai cika tunawa da ita ba.

Saboda haka ni shawarar da nake ba ki ita ce VeraCrypt. Kyauta ce, wani masani mai suna Mounir Idrassi ya fitar da ita a Faransa a 2013, ta gaji TrueCrypt da masu ita suka dakatar a watan Mayun 2014. Aikinta kamar adaka ne. Za ki danna Create Volume, ki zaɓi Create an encrypted file container, ki ba ta suna da girma. Gigabayit 1 ya ishe ki har da rara, domin littafi mai kalma dubu 100 a Word ba ya kai megabayit 2. Za ta sa ki yi ta wasa da linzamin kwamfuta a kan sikirin na ɗan lokaci, kada ki ƙosa, daga wannan motsin take samo lambobin da ba a iya hasashensu. Idan ta gama za ki sami fayil guda ɗaya da ba ya nuna komai. Duk ranar da za ki yi rubutu, ki buɗe VeraCrypt, ki zaɓi fayil ɗin, ki danna Mount, ki sa kalmar sirri, sai ya bayyana kamar an jona filash, da harafinsa kamar M ko Z. Ki zuba duk kayan littafin a ciki, ki yi aikinki yadda kika saba. In kin gama ki rufe Word, ki danna Unmount (a tsofaffin samfura Dismount aka rubuta), adaka ta koma ta rufe. Abin da ya sa na fi son wannan a halin da kike ciki shi ne, za ki iya ba mai gyara kalmar shiga Windows ya gwada kibod ɗinsa, ki bar wa ƙannen maigida kwamfutar su yi kallonsu, littafin yana nan a kulle a gabansu.

Wani abu game da wuta, tunda a Legas muke. Idan batirin laftof ɗin ya mutu, irin wanda da NEPA ta ɗauke sai ya mutu nan take, to ki riƙa yin sebin akai-akai kuma kada ki bar adakar a buɗe kina kicin. Yankewar wuta ana tsakiyar rubuta fayil tana iya lalata shi, kuma ceto abin da ya lalace a cikin kulle ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Su kuwa yaran, ki buɗe musu nasu asusun a Windows, ki tabbata Standard ne ba Administrator ba, domin mai matsayin Administrator yana iya kutsawa foldar kowa. Kuma duk lokacin da za ki tashi, ko da ɗauko ruwa ne, ki danna maɓallin Windows tare da L. Babu zaurancen da ke kare fayil ɗin da aka bari a buɗe a kan sikirin.

Akwai kuma 7-Zip, wadda Igor Pavlov ya fara fitarwa a 1999, ita ma kyauta. Tana dunƙule folda ta zama ƙunshi ɗaya mai kalmar sirri. Ki zaɓi samfurin 7z, ki sa alama a Encrypt file names don kada a ga ko sunayen babobin. Idan dole sai samfurin zip, ki zaɓi AES-256, ki guji ZipCrypto, tsoho ne mai rauni. Ba na ba da shawarar a riƙa aikin kullum da ita, domin bayan ta yi ƙunshin, asalin foldar tana nan a buɗe sai kin goge ta da kanki, kuma duk fayil ɗin da kika buɗe daga cikin ƙunshin sai ta zazzage shi a wata foldar wucin gadi. Inda take da amfani shi ne ajiyar kwafi da aika wa mai tace rubutu. In kin aika ƙunshin ta imel, ki kira shi a waya ki faɗa masa kalmar, kada ki tura su a saƙo ɗaya.

Yanzu sai maganar sata, wadda ba ki tambaya ba amma duk mai shiga danfo da jaka a Oshodi ya san da ita. Maganin wannan shi ne kulle faifan gaba ɗaya. A Windows sunansa BitLocker, ya zo tun zamanin Vista, yana cikin samfurin Pro da Enterprise da Education. Yawancin laftof na tokunbo da ake sayarwa a nan, irin su EliteBook da Latitude da ThinkPad, daga ofisoshi suka fito, don haka sau da yawa da Pro suke zuwa. Samfurin Home yana da ƙaninsa da ake kira Device encryption idan injin ya cika sharuɗɗa. A Mac kuma FileVault ne. Da wannan a kunne, abin da na ce ina yi a kan teburina ba zai yiwu ba, in na zare faifan ba abin da zan gani.

A nan nake son ki tsaya ki saurare ni da kyau, domin abin da ya fi ci mini rai ke nan a wannan sana'a. A shekarun da na yi a kasuwar nan, waɗanda na gani sun rasa rubutunsu saboda kwaɗon da ke kan kwamfutarsu sun fi waɗanda aka sace wa rubutu yawa. Akwai wani dattijo, malamin Islamiyya daga Idi-Araba, da ya kawo mini laftof ɗinsa a wata damina. Ruwa ya shiga jakarsa, madabod, wato babban allon da ke haɗa kayan cikin kwamfuta, ya ƙone. Na ce masa kada ya damu, faifan lafiyarsa lau. Muka sa sabon madabod, muka kunna, sai ga shuɗin sikirin yana neman lambobi 48. BitLocker yana ɗaure mabuɗinsa ne a wani ɗan guntu da ke jikin madabod mai suna TPM, da an canza madabod sai ya ɗauka ɓarawo ne, ya nemi lambobin ceto. Malam bai taɓa jin labarinsu ba. Bai ma san faifansa a kulle yake ba. Yaron shagon da ya sayar masa da kwamfutar shi ya buɗe masa asusun Microsoft da wani imel da lambar wayar da babu wanda ya riƙe, kuma can lambobin suka tafi. A ciki akwai fassarar da ya shekara huɗu yana yi wa ɗalibansa. Ya zauna a kan bencin gaban shagona tun bayan azahar har aka kira la'asar, yana juya carbinsa, jifa-jifa ya ɗago ya ce, "Ɗana, babu wata dabara?" Babu. Ni ban iya ba, babu wanda ya iya a Computer Village, kamfanin Microsoft ma ba zai iya ba in babu asusun. Duk wanda ya ce miki zai fasa AES a shago, kuɗinki yake so.

Don haka yau ɗin nan, tun kafin ki taɓa VeraCrypt, ki duba ko naki faifan a kulle yake ba ki sani ba. Sababbin Windows 11, musamman daga fitowar 24H2 ta 2024, sukan kunna shi da kansu idan an shiga da asusun Microsoft lokacin da ake saita kwamfutar. Ki shiga Settings, sai Privacy & security, ki nemi Device encryption, ko ki rubuta Manage BitLocker a wurin bincike. In a kunne yake, ki nemo lambobin nan 48, ko ta Back up your recovery key ko ta shiga asusunki na Microsoft a intanet, ki kwafe su da biro a takarda, ki sake karantawa ki tabbata ba ki tsallake ko ɗaya ba. Kuma ki tabbata asusun naki ne, da imel ɗinki da lambar wayarki.

Ita kanta kalmar sirrin, a nan ɓarawo yake samun ƙofa, domin ba lissafin yake fasawa ba, kalmar yake canka. Akwai manhajojin da aikinsu ke nan, su yi ta gwada kalmomi dare da rana. Word yana rage musu gudu, yana juya kowace kalma sau dubu 100 kafin ya gwada ta, amma hakan ba zai ceci kalma mai rauni ba. Lamba huɗu hanyoyi dubu 10 ne kacal. Lambar waya tana da tsawo a ido, lamba 11, amma farkonta sananne ne, 0803 ko 0706 da makamantansu, saura bakwai, wato miliyan 10, abin da kwamfuta ke cinyewa ba tare da gumi ba. Sunan ɗanki da shekarar haihuwarsa kuwa, ƙanin miji ba ya buƙatar manhaja kafin ya canka. Haka sunan tauraruwar littafin, da bisimilla, da karin maganar da kowa ya haddace. Ki zaɓi kalmomi biyar ko shida na Hausa da babu abin da ya haɗa su, misali tsani, alfadari, gishiri, marka, tabarma, ki jera su, ki soka lamba a tsakani. Kada ki ɗauki waɗannan da na rubuta, ki nemo naki. Tsawo ya fi tarkacen alamomi amfani, VeraCrypt ma takan gargaɗe ki idan kalmar ba ta kai harafi 20 ba.

Ga wani abu da ya shafe mu mu Hausawa. Kada ki sa haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, a cikin kalmar sirri, haka ma alamar da ke gaban 'ya'ya. Ranar da kwamfutarki ta lalace kika je buɗe kwafinki a ta wani, mai yiwuwa babu kibod ɗin Hausa a kanta. Alamar nan kuma iri biyu ce, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, waya takan sa ɗaya kwamfuta ta sa ɗaya, a ido kamar abu guda amma a wajen inji daban suke. Na ga wadda ta kwana tana kuka tana rantsuwa kalmarta daidai ce, kuma daidai ɗin ce, alamar ce ta bambanta. Ki kula da manya da ƙananan baƙaƙe ma, Tsani daban tsani daban.

Ki rubuta kalmar a takarda. Na san an sha ce muku kada a rubuta, amma abin da ake nufi shi ne kada a manna ta a jikin laftof ko a ajiye ta a jakarsa. Takarda a ƙasan akwatinki, tare da takardun makaranta da na asibiti, ta fi ƙwaƙwalwar da za ta yi wata uku ba ta buɗe fayil ba saboda haihuwa ko tafiya gida. Ki sa kwafi na biyu a ambulan ki liƙe, ki ba wanda kika amince da shi, mahaifiya ko 'yar'uwa. Rai a hannun Allah yake, kuma bai kamata wahalar shekaru ta bi mai ita kabari ba alhali 'ya'yanta za su iya amfana. In kina da asusu da yawa, manhajojin ajiye kalmomin sirri irin su KeePassXC ko Bitwarden za su riƙe miki su duka a ƙarƙashin kalma ɗaya.

Kulle kuma ba ya hana ɓata. Faifai yana mutuwa, bairos mai garkuwa da fayiloli irin WannaCry na 2017 yana iya sake kulle abin da kika kulle ya nemi fansa, ɓarawon da ya kasa karanta littafin ya dai tafi da shi. Ki riƙe kwafi uku: na kwamfuta, na filash da ke zaune a gida ba a jakar laftof ba, da na intanet. Duk Juma'a, bayan kin rufe adakar, ki kwafe fayil ɗinta sukutum zuwa filash. Na intanet kuma ki yi ƙunshin 7-Zip mai kwanan wata a sunansa ki ɗora a Google Drive. Drive yana kulle abin da ke cikinsa, amma mabuɗin a hannun kamfanin yake, kuma duk wanda ya shiga asusunki ya shiga komai, shi ya sa nake cewa ki kulle kafin ki ɗora, ki kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an tabbatar ta wayarki kafin a shiga asusun. Masu rubutu kai tsaye a Google Docs su sani babu wurin sa wa takarda ɗaya kalmar sirri a can, asusun shi ne kwaɗon.

Sai tsofaffin sawu. Bayan kin zuba komai a adaka, ki bi Desktop da Documents da Downloads ki goge kwafin da ke warwatse, ki zubar da Recycle Bin, ki duba babobin da kika taɓa tura wa kanki ta WhatsApp ko imel. Ki sani fayil ɗin da aka goge ana iya tono shi, musamman a tsohon faifai mai juyawa, kuma wannan wani dalili ne na kunna BitLocker a faifan duka. Idan za ki buga wasu shafuka a shagon buga takardu, ki kai waɗannan shafukan kaɗai a filash daban, ki tsaya a kansu har a goge daga kwamfutar shagon.

Game da tsoronki na a watsa littafin, gaskiya ita ce mafi yawan abin da ke yawo a guruf ba daga shagon gyara yake fita ba, daga hannun wanda aka tura wa ne. Da zarar ƙawa ko mai saye ya buɗe, zai iya ɗaukar hoton sikirin, kuma babu kwaɗon da ke hana wannan. A nan doka ce ke aiki. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana ba ki haƙƙin rubutunki tun daga lokacin da kika rubuta shi, kuma waɗannan ƙunsoshin masu kwanan wata za su taimaka miki wajen nuna cewa ke kika fara.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada ki kawo laftof ɗin gobe. Ki ɗauki kwana biyu ki yi adakar, ki kwafe ta a filash, ki rubuta lambobin ceto da kalmar sirri. Sannan ki ɗauki filash ɗin ki je wajen wata kwamfutar, ta maƙwabciya ko ta wurin aikin maigida, ki sa VeraCrypt, ki buɗe da kalmar da ke jikin takardar, kina karantowa harafi bayan harafi, ki ga babi na 40 ya fito da idonki. In ya buɗu, ki fita daga asusun imel da WhatsApp da ke kan laftof ɗin, ki kawo shi. Canjin kibod ba ya ɗaukar lokaci in akwai irinsa a kasuwa, kina iya zama a shagon a yi a gabanki.